Tawul a Ƙofar Nura

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan Habibu ya kira ni ina cikin bas zan tafi aiki. Ya ce Nura ya rasu. Na sauka a titin Faisal, na zauna bakin wani shago.

Nura abokina ne tun zuwanmu Masar, Habibu kuma shi ne abokin zamansa. Duk mun zo karatun addini, shi kaɗai ya karkata zuwa ilimin furuci. Kuma duk harsunan duniya ya rasa wanda zai zaɓa sai na mutanen Poland. Mun tsokane shi har mun gaji.

Yakan ce inda mu muke da sautin "sa" da na "sha", su iri uku gare su, kuma wurin da harshe ke taɓawa ne ya raba su. Sai ya kwaɓa garin gawayi da man zaitun, ya shafa maka a harshe, ka furta, ya sa madubi ya ɗauki hoton inda baƙin ya taɓa a ganɗarka. Ni ma ya yi mini. Na wuni ina tofar da baƙin yawu, shi kuwa ya saya mini shayi yana ta dariya.

Har unguwar Ma'adi yake zuwa wurin wata tsohuwa 'yar Poland ya naɗo muryarta. A kwamfuta sautukan kan fito kamar hayaƙi, wani sama, wani ƙasa. Ya yi ta nuna mini, ban taɓa ganewa ba.

Lokacin da na kwanta jinya, shi ya riƙa kawo mini kunu har na tashi.

Aikinsa ba ya son ƙara, Alkahira kuwa ba ta yin shiru. Idan zai yi rikodin sai ya kashe fanka, ya rufe taga, ya toshe ƙasan ƙofa da bargo, ya rataya tawul a hannun ƙofa. Duk mun san ma'anar tawul ɗin: kada ka ƙwanƙwasa, kada ka yi sallama.

Ga shi da asma.

Ranar Juma'a na ji ƙirjinsa yana shesheka. Na ce, "Mutumina, ka je asibiti." Ya ce, "Ma'alish, ba komai, ƙirjin ne ma ya fara yaren Poland. In na gama babin nan na bincikena, khalas, shi ke nan, zan je."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

Jiya bayan la'asar na kai masa abinci. Na tarar da tawul a ƙofa. Na kasa kunne, shiru. Na ce aiki ya yi daɗi, na ajiye kwanon a kicin, na fita da sanɗa kada in ɓata masa rikodin. Da magariba Habibu ya dawo ya same shi kwance a ƙasa. Kafin gari ya waye ya cika a asibiti.

Na san ajali ne. Amma zuciyata ta ƙi barina, don ina tsaye a bakin ƙofar nan yana ciki.

Allah ya jiƙanka Nura, ya gafarta maka, ya yalwata maka kabarinka. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku sa ni, domin anjima zan kira mahaifiyarsa a Gusau, kuma na san za ta tambaye ni ko akwai wani kusa da shi a lokacin.