Matar da Ke Gwada Iska da Zare

Tun shigowarta gidan da aka ware don nuna wa masu saye a sabon rukunin gidajen, dillalin ya kasa gane inda ta dosa. Doguwa ce, ƙasusuwan wuyanta duk a waje, idanunta na wadda ba ta samun barci. Sauran mutane suna shafa tayil, suna tambaya kan farantan sola da ke saman rufi. Ita kuwa ta kasa tsayawa wuri guda. Ta leƙa nan, ta fita, ta dawo, tana manna tafin hannu a bangon da rana ke duka.

"Malam, don Allah kashe fankar nan."

"Hajiya, ai da sola take aiki, ba ruwanta da ɗauke wuta."

"Na ji. Kashe dai."

Ya kashe. Sai ta tsinko zare daga bakin mayafinta, ta tsaya tsakanin tagogi biyun da ke kallon juna a ƙaramin ɗaki, ta ɗaga shi sama. Jakarta a buɗe take, yana hango abin shaƙa na masu asma, an manna masa hoton 'yar tsana. Ya raya a ransa, wataƙila akwai wata yarinya da ke kwana a ɗaki mai taga ɗaya, jikin janaretan maƙwabta.

Zaren ko motsi. Tana cizon leɓe. Shi ma sai ya ji ya riƙe numfashi.

Can zaren ya kaɗa, ya karkata gefe. Ba ta yi murmushi ba, ƙasa ta kalla.

"Nan za a sa gadonta," ta ce, kuma ba da shi take ba.