Motar da Ba a Zo Aro Ba

A Zaitawa, in kana so ka san darajar motarka, kada ka wahalar da kanka wajen dillali ko bakanike. Shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ka jira lokacin biki. In abokan ango suka zo suka durƙusa suka ce, "Alhaji, ranar Lahadi za mu ɗauko amarya, a taimaka mana da mota," to ka sayi mota. Za ka ɗan ɓata rai, ka ce mai ya yi tsada, ka ja musu kunne a kan gudu, sannan ka miƙa makulli ranka fes. In kuwa suka gaishe ka suka wuce, sai dai mu ce Allah ya mayar da alheri.

Yayana ya san wannan sarai, a nan aka haife shi. Shadda yake sayarwa a kasuwar Kwari, kuma shekarar da soja suka koma bariki kasuwa ta buɗe masa. Duk wanda aka zaɓa kansila sai ya tuna bai da babbar riga. Wanda jiya yake bin lungu da silifa yana roƙon ƙuri'a, yau ga shi a gaban Yaya yana cewa a fito masa da wadda ta fi tsada, wai launin bai dame shi ba. Allah ya yi wa Yaya buɗi, sai ya ce shi ma lokaci ya yi da zai shiga motar manya.

A lokacin motar manya a cikin birni iri ɗaya ce tak, ta Jamus mai tauraro a hanci. Tsufanta ba ya rage mata komai. Maƙwabcinmu, wani dattijo da kakanninsa suka zo Kano fatauci daga ƙasar Larabawa, wanda kowa ke ce wa Baba Alhaji, yana da guda ɗaya da ta girmi 'ya'yana duka. Kujerunta sun lotsa, iyakwandishan ɗinta ta daɗe da yin ritaya, amma ban san adadin amaren unguwarmu da suka yi kukan rabuwa da gida a bayanta ba.

Kowa ya zaci Yaya zai aika Kwatano a kawo masa irinta, 'yar gwanjo. Ina! Ya ce shi ba zai sayi abin da wani Bature ya gama yayinsa ya yar ba. Ya tafi Legas ya dawo da wata sabuwa fil a leda, ƙirar can gabashin duniya, wajen masu yi mana rediyo da talabijin. Baƙa ce, doguwa, kujerun fata. Ka danna abu kujera ta kwanta da kai, ka danna wani gilashi ya tashi da kansa, sanyin ciki kuwa sai da na ja mayafi. Mai sayarwa ya rantse masa cewa don ta kara da na Jamus aka ƙera ta. Ni dai na shiga, kuma tsakani da Allah mota ce.

Ranar da ta iso, 'yan majalisar bakin titi suka taso suka kewaye ta. Mutanen da yawancinsu ko keke ba su da shi, amma duk sun zama injiniyoyi. Aka shafa, aka ƙwanƙwasa, aka leƙa, daga nan kowa ya zagayo gaba ya dubi hancinta.

"Masha Allah, Alhaji. Wace iri ce?"

Yaya ya faɗi sunan. Aka ce ya sake faɗa. Ya sake. Wani tela ya gyaɗa kai ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Amma dai da tsohuwar zuma ake magani." Kafin sati ya zagayo yara sun raɗa mata suna, Wace-iri-ce, kuma sunan ya bi ta har Ƙofar Mazugal.

Sai Yaya ya shiga jira. Kullum tankinta a cike, ko da ana layin mai. Duk Juma'a a wanke ta har taya. Da la'asar ya fito ya zauna inda duk mai wucewa zai gan shi ya gan ta. Aka yi bikin gidan liman, aka yi na gidan mai unguwa, aka yi na wani mahauci da ko gaisuwar kirki ba ya yi wa mutane. Samari su zo su durƙusa, "Barka da yamma, Alhaji, ya kasuwa?" su miƙe su kakkaɓe gwiwa su nufi ƙofar Baba Alhaji.

Wata rana na kai masa fura, na tarar yana bin bayansu da kallo. Ya ce, "Auta, ni fa ba yabo nake nema ba. So nake mutum ɗaya, ɗaya tak, ya zo ya ce in ara masa."

Na ce, "To ni ara min, in je kasuwar Rimi in sayo tattasai."

Bai yi dariya ba. Na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji haushinsa, don mutum mai hankali da jikoki a hanya bai kamata ƙarfe ya hana shi cin tuwo ba.

Da aka sa ranar auren babban ɗansa da wata yarinya 'yar Kabara, Yaya ya farfaɗo. A al'ada dangin ango ne ke kai motocin ɗauko amarya, kuma wannan karon angon ɗansa ne, wa zai hana? Ya sa aka yi wa motar ado da ribon, ya fesa turare a kujerar baya da hannunsa. Ni ce gwaggon ango, ni na jagoranci mata. Bayan la'asar muka isa Kabara, muka tsaya a bakin lungu tunda mota ba ta shiga, na aika a ce mun iso.

Gwaggon amarya ce ta fito, wata doguwa mai haƙorin Makka. Ba ta dubi kujera ba, ba ta dubi ribon ba. Kai tsaye ta nufi hancin motar.

"Ina motar amaryar?"

Na ce, "Hajiya, ai ga ta nan a gabanki."

"Wannan? Ai ban ga komai a goshinta ba."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Hajiya, a kan tauraron za ta zauna ko a kan kujera? Wannan sabuwa ce dal, ba wanda ya taɓa zubar da kunu a cikinta."

Ta gyara mayafi ta ce, "Sabuwa ko tsohuwa, ni ban sani ba, ban yi boko ba. Yayyenta duka a mai tauraro aka kai su. Ita ba tsintar ta muka yi ba, da za a ce gobe an kai ta a wata wace-iri-ce."

Ashe sunan har ya riga mu zuwa Kabara. Na yi magiya, na yi faɗa, na kawo Allah da Annabi. Ko a jikinta, an tsikari kakkausa. Haka muka juyo da mota da ribon ɗinta, ba amarya, yaran hanya suna bin mu suna ihu ga amarya, ga amarya, ni kuwa ina hakimce a baya ina shaƙar turaren da ba don ni aka fesa ba.

Yaya na ƙofar gida da abokansa. Ya miƙe da fara'a, sai ya ga ni kaɗai na fito. Na matsa kusa na gaya masa a hankali. Ya sa takalminsa, ya raɓa ta gefen motarsa, ya taka da ƙafa zuwa gidan Baba Alhaji. Na bi shi da sunan zan gaida Hajiyar gidan, na tsaya daga bakin soro, don ni ba na iya barin magana ta wuce ni.

Ya durƙusa. Na ji muryarsa ta yi ƙasa. "Baba Alhaji, amarya za mu ɗauko. A taimaka mana da mota."

Dattijon ya laluba aljihu ya miƙa masa makulli ba tare da jan rai ba. Sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Ni ma ina da roƙo, in ba za ka ji nauyi ba. Ta'aziyya zan je Fagge yanzu. Ka ara min taka. Tun ranar da ka kawo ta nake so in shiga, an ce kujerar kwanciya take yi, ni kuwa bayan nan nawa ya gama gajiya da tawa. Kunya ce ta hana ni tambaya."

Yaya ya ɗago ya ce, "Baba, ai taka ce." Da hannunsa ya cire ribon, da hannunsa ya buɗe ƙofa, ya nuna wa tsohon abin dannawa. Kujera ta kwanta, Baba Alhaji ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi, kai, wannan ita ce mota." Ba wanda ya ji sai mu biyu da direban Yaya.

Mai tauraro ta nufi Kabara da samari, ta Yaya ta bi ta gaban majalisa a hankali da dattijo a baya. Duk suka miƙe suna ɗaga masa hannu. Yaya na tsaye a gefena, fuskarsa kamar ta yaron da aka ɗinka wa kayan salla. Sai telan nan ya girgiza kai ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji:

"Allah sarki, Baba Alhaji! Kun ga dattako? Ya ba da motarsa aro, shi kuma ya shiga abin da ya samu."

Kowa ya ce ƙwarai kuwa, irinsu sun yi ƙaranci. Na buɗe baki zan wanke su tas, Yaya ya riƙe min gefen mayafi. Ya ce, "Bar su, Auta. Bi samarin nan ki ɗauko mana amarya, magariba ta kusa."