Shekara Tara da Rasuwar Yayana, Mutumin da Bai Iya Cewa A'a Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Bello, kuma a daminar nan aka ɗauki sunansa aka ci mini mutunci da shi a bainar jama'a. Wanda ya yi mini haka ba zan faɗi sunansa ba, Alhaji kawai zan ce. Shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Tambuwal. Kafin ya yi ritaya kuma, shi ne mai rarraba malaman makaranta wuraren aiki a ofishin da yayana ke ƙarƙashinsa.

Ga yadda abin ya faru. Ƙungiya na son faɗaɗa kasuwar dabbobi, sai idonta ya sauka kan gonar da marigayi ya bar wa 'ya'yansa huɗu a bakin gari. Daga gonar nan suke ci tun da ubansu ya kwanta dama. Wai za a musanya musu da wata, amma ba a ce a ina ba, ba a ce yaushe ba. Gonar Alhaji na jingine da ita, babu wanda ya ambace ta. Ni ne waliyyin yaran, na ce ban yarda ba. A taron da aka yi bayan sallar Juma'a sai Alhaji ya miƙe ya ce da marigayi na raye, da tuni an wuce wurin, domin shi mutum ne mai haɗin kai. Har ya haɗa da Turanci, wai "very cooperative". Ya dube ni ya ce ba a san inda ni na samo taurin kai ba.

Bai tsaya nan ba. Da lokacin maimai ya yi, wato noma na biyu, na kira gayya kamar yadda nake yi kowace shekara saboda gonar marayun. Mata suka tashi tun asuba suka tuƙa tuwo, aka dama fura. Waɗanda suka zo ba su cika tabarma ɗaya ba. Daga baya wani maƙwabcina ya gaya mini, yana waige-waige, cewa magana ta zagaya: wanda bai ba da haɗin kai ba, kada a ba shi. Furar nan da yamma ta yi tsami muka zuba wa awaki.

Ni ban yi boko mai zurfi ba. A aji biyu na sakandare na ajiye, na kama facin taya da noma. Yaya Bello shi ne mai karatun gidanmu, malamin Turanci. An fara kai shi Dogon Daji, muka ji daɗi don kusa ne. Sai aka ce ga wata makaranta a Kebbe, wanda aka tura ya ƙi zuwa saboda yana da uwa a gindin ofis, aka sa Bello. Ya ce to. Bayan 'yan shekaru aka ce ga wata can cikin ƙauye, bayan rafi, inda ko babur sai ya yi da gaske. Wani ya sake ƙi, aka sake sa Bello. Ya sake cewa to.

Zuwansa na ƙarshe gida, yana zaune kan benci a rumfata ina yi masa facin tayar babur, na tambaye shi wai shi bakinsa bai san a'a ba ne. Ya yi dariya ya ce a ofis yabonsa ake yi. Sannan ya shiga yi mini darasi, don shi ko ina aji ne. Ya ce Turawa ba kalma ɗaya suke da ita ba kan wannan hali. Akwai ta wanda ya sa hannu a aiki don an yi shawara da shi kuma ya ga alheri a ciki. Akwai ta wanda ya bi don doka ta ce ya bi. Akwai ta wanda ya lanƙwasa don an fi ƙarfinsa, ransa bai so ba. Ya jero su da yawa, ni dai biyu suka zauna mini a ka: waccan da Alhaji ya faɗa, da kuma "docile", wadda ya ce ita ake faɗa wa dabbar da ba ta gardama in an ja igiyarta.

"To kai wacce ce taka?" na ce.

"Ta farko suka kirana da ita, Ummaru," ya ce. "Amma ni ban tuna ranar da anka yi shawara da ni ba."

A daminar shekarar maciji ya sare shi a bayan ɗakin da yake kwana cikin makaranta. Rafi ya cika, babur bai iya ƙetarewa. A amalanke aka ɗora shi ana neman mashigi, rai ya yi halinsa kafin a samu. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma na san kuma hannun da ya ajiye shi a bayan rafin nan.

Wani lokaci ina tunanin me zai ce da ya ga yau. Kalmar nan ta haɗin kai ta cika gari. Ɗan siyasa na nemanta, mai karɓar haraji na nemanta, a rediyo safe da yamma ita ce. Har 'yan bindigar da suka hana mutanen bakin daji noma, in sun aiko saƙo, cewa suke a ba su haɗin kai. Kowa na nufin abu ɗaya: ka yi shiru ka miƙo. Da Yaya na nan, ina jin sai ya gyara zama ya bayyana musu bambancin dalla-dalla, cikin murya mai sanyi. In ya gama kuma, in sun ce ya miƙo, ya miƙa. Wannan ne ke ƙona mini rai game da shi. Ya san sunan abin da ake yi masa, bai taɓa ture shi ba.

Me ya rage nasa? Ɗalibansa har yau in sun gan ni sai sun tsaya sun yi masa addu'a. Akwai gonar. Akwai kuma Nasiru, babban ɗansa, wanda yanzu ya zama magidanci, ya ɗauko muryar uban da irin sunkuyar da kansa. Bayan gayyar da ta watse ya same ni ya ce, "Baffa, a ba su mana, a zauna lafiya." Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na ga an fara gadon abin tun ban mutu ba.

Washegari da hantsi na ce ya biyo ni. Muka sami Alhaji a zaurensa da mutane, ana shan shayi. Ya amsa sallamata yana murmushi, ya ce ashe na yi tunani, ai daman jinin Malam Bello ba ya ba da kunya. Ya nuna mini tabarma. Ban zauna ba.

Na ce, "Alhaji, shekarunka sun fi nawa, shi ya sa na zo da ƙafata ban aiko ba. Gonag ga ba a ba da ta, yau ko gobe. In kasuwa na son wuri, ga taka nan jingine da ita, ka fara, mu ga haɗin kanka. Kuma ka daina kiran sunan yayana a taro. Ko gawatai ba mu samu munka kawo gida ba, can bayan rafi munka rufe shi, kai ko ta'aziyya ba ka taka ba. In mai ce maka to kaka nema, shina can inda ka kai shi. Ka je ka tambaye shi."