Ranar da Mai Tiyo Ya Ƙi Buɗe Ruwa

A unguwarsu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Mai Tiyo ake ce masa, domin tun yana saurayi ya shiga aikin kwana-kwana, kuma duk inda gobara ta tashi shi ne a gaba riƙe da bakin tiyo. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, magana kuwa sai an ciro ta daga bakinsa. Wuta ta lashe girarsa ta hagu tun farkon aikinsa, gashin bai sake tsirowa ba, har matarsa takan tsokane shi ta ce ita dai an cuce ta, gira ɗaya ta aura. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge takalmansa.

Siyasa ba ta gabansa. In an taru a ƙofar gida ana caccakar gwamnati, sai ya ce shi wuta ya sani, ita kuwa ba ta tambayar jam'iyyar mutum kafin ta ci gidansa.

Amininsa a wurin aiki shi ne direban motarsu, wanda ake wa laƙabi da Ba-Birki saboda gudu. Motar tsohuwa ce, ta girmi wasu daga cikin ma'aikatan, Ba-Birki ne kaɗai ya san yadda ake lallaɓa ta. Wata rana aka kawo gwangwanayen jan fenti aka ce su shafe ta tas. Washegari manya suka zo da masu ɗaukar hoto, aka yanka ƙyalle, aka tafa. Da yamma rediyo ya ce gwamnati ta sayo sababbin motocin kashe gobara.

"An yi wa tsohuwa kwalliya," in ji Ba-Birki, "amma tarin nata yana nan."

Suka yi dariya, suka bar zancen.

Ranar da babbar kasuwa ta kama da wuta, rana tsaka ce. Motar ta ƙi tashi, sai da suka tura ta har bakin titi. Da suka isa, hayaƙi ya rufe sama. Mai Tiyo ya ja tiyo ya ce a buɗe, injin ya yi tari, ruwan da ya fito bai fi na bakin buta ba. A layin masu atamfa mata sun maƙale bayan wata ƙofar ƙarfe. Ya jiƙa buhu ya lulluɓa, ya shiga ya fito da waɗanda ya iya ɗauka. Sauran kuwa ihunsu ya ji, har ya daina ji.

Jama'a suka huce haushi a kansu. Aka yi musu ruwan duwatsu, ɗaya ya fasa wa Ba-Birki kai. Bayan nan gwamnati ta ce sakacin ma'aikata ne, direba ya lalata sabuwar mota. Aka kori Ba-Birki, aka rage wa Mai Tiyo girma. Ba-Birki bai sake zama daidai ba. Hawan jini ya kama shi, ɓarin jikinsa ya shanye, kafin shekara ta zagayo ya rasu. Mutane kaɗan ne suka raka gawarsa.

Daga nan Mai Tiyo ya daina fita da kakinsa. A leda yake ƙunshe shi, sai ya shiga ofis ya saka. Ya daina zaman ƙofar gida. Matarsa ta daina zancen gira.

Wata safiya yana shan shayi, 'yarsa Auta, wadda ke aiki a kantin magani, ta dawo gida a guje tun ba ta buɗe kantin ba. Ta durƙusa gabansa ta miƙa masa wayarta.

"Baba, saurari wannan. Duk gari shi ake ji."

Murya ce aka naɗa a ɓoye cikin ofishin ministan da ke kula da aikinsu. Babu wanda bai san muryar ba, kullum tana rediyo. Yana magana da ɗan kwangilar da aka ba sayo motocin. "A shafa wa tsofaffin fenti kawai," in ji shi. "Wa zai buɗe inji ya duba?" Suka ƙyalƙyale da dariya, ana jin ƙarar cokali cikin kofi. Sai kuma wani naɗin, na bayan gobara. "A ɗora wa direban. Talaka ne, ina zai kai ƙara?"

Mai Tiyo ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Matarsa tana tsaye bakin ƙofar ɗaki, hannu a baki, hawaye na zuba. Shi bai yi kuka ba. Abin da ya tsaya masa a ƙirji shi ne da hannunsa ya riƙe burushin fentin nan, har yana gyara inda bai ji ba.

Ba a san wanda ya fitar da muryar ba. Wasu suka ce sakatare ne, wasu suka ce abokin cin mushe ne da aka hana kasonsa. Gwamnati ta ce ƙarya ce, aikin maƙiya. Daga baya ta ce duk wanda aka kama yana yaɗawa zai kwana a gidan yari, sannan ta katse layukan waya. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu shayi suka riƙa kunna ta, direbobin bas suka sa ta a lasifika, har mutane suka haddace dariyar. Matan kasuwa ne suka fara fitowa, ɗauke da hotunan waɗanda suka ƙone. Ɗalibai suka bi, sai masu sana'a, sai malaman asibiti da su ma aka yi wa alkawarin injunan da ba su taɓa gani ba. Tura ta kai bango. Kowace rana sai taron ya ninka na jiya.

A lokacin ofishinsu na da mota guda mai lafiya, wadda wata ƙungiyar agaji ta ba su bayan gobarar. Wata rana shugabansu ya tara su da safe, yana magana yana kallon ƙasa. Umarni ya zo daga sama: a kai motar ƙofar ma'aikatar ministan, inda jama'a suka taru, a tarwatsa taron da ruwa.

"Ranka ya daɗe, mu wuta muke kashewa," in ji Mai Tiyo.

"Ni ma an aiko ni ne. Hau mota."

Ya hau. Yana da iyali, kuma saura kaɗan ya yi ritaya.

A ƙofar ma'aikatar 'yan sanda sun yi sahu, taro kuwa ido ba ya ganin ƙarshensa. Aka ja tiyo, aka miƙa masa baki kamar kullum. Injin ya tashi lafiya lau, tiyon ya cika ya yi tauri a hannunsa. Wata mata ta fito daga sahun gaba, fatar hannayenta duk tabon ƙuna. Ya gane ta. Tana cikin waɗanda ya ɗauko daga layin atamfa. Ta dubi motar, ta dube shi.

"Ashe yau akwai ruwa," ta ce.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma ya ji ta sarai. Hafsan 'yan sandan ya daka masa tsawa ya buɗe. Mai Tiyo ya sunkuya ya ajiye bakin tiyon a kan kwalta, ya miƙe ya harɗe hannayensa. Hafsan ya buga masa gindin bindiga a kafaɗa. Bai ɗaga hannu ba, bai kuma sunkuya ba.

Ana cikin haka hayaƙi ya turnuƙe daga bayan ginin. Wasu samari sun haura katanga sun cinna wa ɗakin ajiya wuta. Taron ya ɗauki sowa: "A bar shi ya ci! A bar shi ya ci!" Mai Tiyo ya ɗaga kai, ya hango hannaye suna kaɗawa ta tagar bene. Manya sun gudu tun safe. Waɗanda suka rage masu shara ne da masinjoji, an kulle su ciki saboda tsoron taro.

Ya ɗauki tiyon. Wani saurayi ya tare shi. "Baba, gidan ɓarayi za ka ceta?"

"Ɗana, uwar wani ce a tagar can."

Matar nan mai tabo ce ta juya ta fuskanci jama'a, ta ɗaga hannayenta sama tana kiran a ba da hanya. Aka dare. Kafin la'asar an kashe wutar, an sauko da kowa da ransa. Amma a can wani titin an buɗe wa ɗalibai wuta a wannan rana, gidaje da yawa suka kwana da makoki.

Jinin nan ne ya ƙarasa abin da muryar ta fara. Garuruwa suka tashi, kasuwanni suka rufe, aka tsaya cik. Ministan ya sauka, aka ce ya tafi waje neman magani. Ba a daɗe ba gwamnatin ta bi shi. Sabuwar ta kafa kwamitin bincike, har yau ana jiran sakamakonsa. Abu guda dai aka yi: an karanta a rediyo cewa direban ba shi da laifi. Mai Tiyo ya je gidan marigayin ya zauna da matar Ba-Birki a tsakar gida suka saurara tare. Ta ce, "Da ma yana nan ya ji." Ya ce, "Allah ya ji."

Shi kansa an tsare shi na wani lokaci saboda ƙin bin umarni, aka sallame shi daga aiki, ba a kuma mayar da shi ba. Kafaɗar har yanzu takan yi masa ciwo in an yi sanyi. Da aka sake gina kasuwar, 'yan kasuwa suka ɗauke shi ya riƙa duba musu wayoyin lantarki da tukwanen gas. Yanzu kullum yana zagaye layi-layi, yana cire kwaɗo daga ƙofofin baya, yana faɗa da masu tara kwali kusa da janareta. Suna ƙorafin ya cika mita, amma in ya juya baya sai su kwashe kwalin.