Gimbiyar da Ta Ƙi Fita Ɗakin Takaba

Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa. Yau kwana hamsin da rasuwar Malam, mijina, hawaye bai bar ni ba har yanzu. A wannan zaman takaba ne Kaka Dije, uwar babana, take ta faɗo mini a rai.

Muna yara a Wagini, in an gama girbi, bayan sallar isha'i sai a hura wutar kara a tsakar gida, mu kewaye ta muna ɓarar gyaɗa. Dije mutuniyar Maraɗi ce. Tana budurwa ta yi wa wata Baturiya wanki, a can ta kwaso labarin da babu wata kaka a garinmu da ta san shi. In za ta fara sai ta ce, "Yau babu Gizo, 'yan nema. Ku buɗe kunne."

Ta ce a zamanin takobi da doki, sarkin Faransa yana da 'ya mace guda cikin maza huɗu. Ta yi aure a wani gari mai ganuwar dutse, ta haifi mata biyu. Mijinta, mai garin, ya tafi yaƙi, gawarsa aka dawo da ita. A al'adarsu matar sarauta farin kaya take sawa, ta zauna ɗaki kwana arba'in. A lokacin ubanta ya riga ya rasu, babban wanta ke mulki. Kwana goma da mutuwar mijin, wan nata ya aiko dawaki a ɗauko ta da 'ya'yanta, don yana so ya ba wani baransa garin.

"Mi ta ce masu, Kaka?"

"Ta ce, ku gaida Yaya. In garin yake so, ya zo da ƙafarsa ya fitar da mace daga ɗakin takaba, duniya ta gani." Sai Dije ta tura kara cikin wuta. "Ya zo? Ina! Sarki ma yana gudun abin faɗa."

Kafin kwana arba'in su cika, mutanen garin suka yi wa babbar 'yarta mubaya'a. Dije ta kaɗe zane ta ce, "Na kai ku Faransa na dawo da ku, ko jaki ba mu hau ba. A tashi."

A lokacin dariya nake, ina cewa wannan gimbiya akwai taurin kai.

Jiya babban ɗana, wanda ba na faɗin sunansa, ya zo daga Katsina da mota. Ya durƙusa ya ce, "Inna, gari ba lafiya, rabin unguwa sun tashi saboda 'yan bindiga. Malamai sun ce in akwai tsoro, mace tana iya ƙarasa takaba a wani wuri."

Gaskiya ya faɗa, kuma tausayi ne ya kawo shi. Amma na samu labari ya riga ya yi magana da mai son sayen gonar Malam. In na shiga motar nan, gonar da muka noma shekara arba'in da wani abu ta tafi ke nan.

Sai yanzu na gane gimbiyar nan. Ba taurin kai ba ne. Ita ma kuka take a ɗakin, kamar ni. Ta dai san mutane sun fi saurin raba kayan mamaci a lokacin da matarsa ba ta iya ɗaga kai.

Na ce, "Kai wannan, ci tuwonka ka kama hanya tun da rana. Tsoro ina jin sa, ban ɓoye ba. Amma saura mini kwana tamanin a ɗakin ubanka."

Kafin su cika ruwan damina zai sauka. Na riga na aika wa ƙanin Malam ya kai garma wajen maƙeri, don bana ma sai an nome gonar.