Gyaren Daji a Tafin Hannun Abednego

Shekara bakwai Abednego ya yi yana gyaran injinan sanyaya gini a Dubai, a wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa inda ruri ba ya tsayawa. Kamfani ya ba shi robar toshe kunne, ya cusa ta a akwati, wai ƙaiƙayi take sa shi. Jinsa na raguwa kaɗan-kaɗan, shi kuwa bai sani ba.

Mutumin Kagoro ne, ɗan gindin dutse, kuma in ka kuskura ka ambaci ƙwari a gabansa ka shiga uku. Gyaren daji kam ya san shi kamar yunwar cikinsa, koren nan mai ƙahonni sirara da suka fi jikinsa tsawo. Sai ya zaunar da abokan ɗakinsa na unguwar Hor Al Anz ya yi ta bayani: namijin ne mai waƙa, fiffike yake gogawa a kan fiffike, kunnuwansa kuma a gwiwar ƙafafun gaba suke. Su kuwa su yi ta dariya, suna ce masa farfesan ƙwari.

Kowace damina ƙanensa Sabo kan tsaya a gona da yamma ya naɗo masa kukansu a waya. A daminar 2018 Abednego ya kunna saƙon, ya ji iska, ya ji muryar Sabo, ban da haka babu komai. Nan take ya hau faɗa.

"Kai da maganin feshinka! Kun kashe su ƙarƙaf, khalas, shi ke nan, hankalinku ya kwanta?"

"Yaya, suna nan fa, sun ma hana mu sakat," in ji Sabo.

Abednego ya ce ƙarya yake yi. Wata huɗu bai ƙara yi masa magana ba, don shi mutum ne mai riƙo.

Wata Juma'a cikin Maris, ranar hutu a Dubai, bayan an tashi daga coci, abokin ɗakinsa Dickson ya ari mota suka haura tsaunukan Hatta. An yi ruwa, ciyawa ta fito tsakanin duwatsu. Rana na dab da faɗuwa Dickson ya ɓata fuska.

"Farfesa, yalla, maza gaya wa 'yan'uwanka su rage. Kaina zai tsage."

"Su wa?"

Dickson ya dube shi, ya daina zolaya. Abednego ya durƙusa, ya bi ciyawar da hannu yadda ya saba tun a gida, har ya hango guda a kan wani reshe. Yana kallon fiffikensa yana karkarwa. Ya kai kunnen dama, ya juya na hagu, bai ji komai ba. Ya kama shi, ya rufe a tafi, yana jin ƙafafunsa na motsi a fatarsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya zauna daɓas a kan dutse.

Da ya je asibiti, likita bai ɓoye masa ba. Siraran sautuka ne ke fara tafiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. In ya ci gaba da zama kusa da injin, sauran ma za su bi. To ina zai je? Wannan aikin kaɗai ya iya, shi ke ciyar da mutum tara a Kagoro. Da safe ya tono robar, ya koma ƙarƙashin ƙasa.

Ranar Lahadi a lokacin hutun rana matarsa Louisa ta kira, ta miƙa wa 'yarsu Mariya wayar. Shekararta biyar, muryarta siririya. Ta faɗi wani abu tana ɗoki.

"Me kika ce, 'yata?"

Ta maimaita. Ya danna wayar a kunne har ya ji zafi, ya sake tambaya. A karo na uku yarinyar ta saki wayar. Sai muryar Louisa ta dawo, wannan kam ya ji ta sarai.

"Ta gudu ɗaki tana kuka. Wai Baba ba ya son jin waƙarta."