Ƙofar Bayan Gidan Fada Martin

Ranar Asabar ce. Ƙarfe takwas na safe na ji Fada Martin a kicin yana kankare burodin da ya ƙona, kamar kullum. Shekararsa saba'in da takwas, amma gashin burodi ya gagare shi.

Watana biyar a gidansa, a wata unguwa ta gefen Manchester. Matata Rabi da yaranmu suna Perry Barr, a Birmingham, inda nake karatun digiri na uku a tarihi. Takardun da nake bincike a Manchester suke. Shi kuma tsohon limamin coci ne da ya yi ritaya, yana da ɗakuna ba kowa a ciki. Ya ba ni na can sama. A hawa na tsakiya akwai Yonas, ɗan Iritiriya, wanda hukuma ta ce ya bar ƙasar. Fada ya ce shi ba ya korar baƙo. Wasiƙun hukuma suna ta zuwa, yana ɗora butar shayi a kansu. Yonas yana da karaya a ƙafa, da sanduna biyu yake tafiya.

Bincikena a kan wani bishop ne, babban limamin coci na zamanin da, wanda ya ƙi miƙa wa sarki mutumin da ya fake a cocinsa. Sarki ya ƙwace gonakinsa, ya kori danginsa daga ƙasar, a ƙarshe ya turo masu takubba. Magatakardansa ne ya rubuta tarihinsa. Bai bar komai ba, har abin da maigidan nasa yake ci. Amma da ya zo kan lokacin kisan, sai ya ce shi ba ya wurin. Babi guda na yi ina yi wa mutumin nan tsiya. Da safen nan na karanta wa Fada wani yanki, ina jin kaina. Ya yi dariya, ya ce na cika matsa wa matattu. Na ce shi ma ai ƙaramin bishop ne, masu takubba kawai suka rage.

Ƙarfe ɗaya maƙwabciya ta ƙwanƙwasa. Ta nuna mana hoton gidan yana yawo a waya, an rubuta cewa 'yan ta'adda ake ɓoyewa a ciki. Fada ya kira 'yan sanda. Suka ce ana rikici a wurare da dama, mu kulle gida mu zauna.

Ƙarfe biyu da minti ashirin na fara jin su. Da farko kamar ihun 'yan kallon ƙwallo daga nesa. Sai ƙarar kwalba a kan kwalta. Sai ƙarar mota da ake duka. Na leƙa ta taga. Sun cika bakin layin, wasu sun rufe fuska, wasu ko damuwa da rufewa ba su yi ba. Na ga wani mutum da muke hawa bas ɗaya.

Biyu da rabi Fada ya sa baƙar rigarsa ta coci, ya buɗe ƙofar gaba, ya tsaya. Ban ji abin da ya ce musu ba. Na ji dai suna ihu:

"Fito da su! Fito da su!"

Bulo ya same shi a goshi. Ya ja da baya ya rufe ƙofa, jini yana shigar masa ido. Gilashin falo ya tarwatse. Suka turo kwandon shara mai ci da wuta, suka jingina shi da ƙofar.

Bayan kicin akwai ƙofar ƙarfe da aka sa bayan an taɓa jifan gidan. Idan ta rufu ta kulle kanta, ba ta buɗuwa ta ciki ko ta waje sai da makulli. Makullin ɗaya ne. Tagogin ƙasa duk da sandunan ƙarfe. Fada ya danƙa mini makullin a hannu.

"Buɗe ta baya ka riƙe mana! Zan sauko da Yonas!"

Ni ne matashi, ni ya kamata in goyo Yonas. Ban ce haka ba. Na wuce su a matakala, na hau sama na ɗauko jakar kwamfutata, don aikin shekara huɗu yana ciki. Da zan sauko na sake wuce su, tsoho yana tallafe da gurgu, suna mataki na uku. Hayaƙi ya fara hawowa.

Na buɗe ƙofar ƙarfen, na fita, na tsaya riƙe da ita. Ban san ko minti ɗaya na yi ba. Sai na ji gudu a lungun baya, ana tahowa. Na janyo ƙofar. Na ji ta ce ƙaras.

Na ruga. Ban yi taku talatin ba na ci karo da masu gudun. Mata biyu ne, tsofaffi, ɗaya rungume da kare. Su ma tserewa suke yi. A nan na san babu wanda yake bi na. Makullin yana hannuna, har ya yi mini shaida a tafi. Na waiwaya. Na ji ana dukan ƙarfe daga ciki. Na ci gaba da gudu.

Ƙarfe uku da kwata ina cikin bas. Uku da minti arba'in na sauka a Longsight. Kasuwa tana ci, mahauci yana sara nama, wata mata tana zaɓen tumatir. Ina da abokai a unguwar, ban nemi kowa ba. Na shiga masallaci na yi alwala, na kasa tayar da salla. Wayata a aljihu take. Kira ɗaya ya isa in ce akwai mutum biyu a bayan ƙofa, ga makulli. Na ji tsoron tambayar da za ta biyo baya.

Ƙarfe biyar na hau jirgin ƙasa, jakar a kan cinyata. Babin magatakarda yana ciki, ko ƙura bai yi ba. Kunya ta hana ni kallon mutumin da ke zaune gabana. A banɗakin jirgin na jefa makullin cikin kwandon shara.

Bakwai saura na isa Perry Barr, rana ba ta faɗi ba. Rabi ta buɗe ƙofa tana kuka.

"Baban Amira, tun ɗazu nake kiranka! A news muka gani. Ina Fada?"

Na ce hayaƙi ne ya raba mu. Ta yi ta godiya ga Allah. Mutanenmu na unguwar Aston suka yi ta zuwa jaje, ana kawo abinci, ana cewa na auna arziki. Na karɓi kowane hannu.

'Yan kwana-kwana sun yanke ƙofar da ƙarfe uku da minti biyar. A ƙasan kicin suka same su, Fada ya lulluɓe Yonas da jiƙaƙƙen tawul. Yonas ya rayu. Daga asibiti aka wuce da shi wurin tsare baƙi, ban sake jin labarinsa ba. Fada ya yi kwana goma sha tara da na'ura a maƙogwaro, bai yi magana ba. Ban je duba shi ba. Kullum sai in ce gobe.

Na je jana'izarsa. Bayan an tashi, wata dattijuwa daga cocinsu ta riƙe hannuna. Ta ce kada in ɗora wa kaina komai. Ta ce tsufa ne ya ci Fada, ya daɗe yana manta inda ya ajiye makulli, ga shi ya ja wa kansa da baƙonsa. Waɗanda ke gefenta suka gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa.

Bayan mako guda 'yar sanda ta kira, ta ce in faɗi abin da na rasa a gobarar. Na ce riguna huɗu, da darduma, da tukunya ɗaya. Ta tambaya ko akwai wani abu kuma. Na ce babu.